Babban Gwani Malam Mika'ilu, Maginin Masallacin Zariya

Duk wanda ya ratsa Bompai ko Sharaɗa ko Challawa a Kano zai ga manyan ɗakunan masana'antu masu faɗin gaske, waɗanda ƙarfe da kwano suka rufe. Wannan kan sa wasu su zaci cewa rufe fili mai faɗi ilmi ne da Turawa suka zo da shi. Tarihin Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, ya isa ya kawar da wannan zato.

Shi dai wannan bawan Allah ya rayu ne a tsakiyar ƙarni na 19, zamanin da daular Sakkwato ta kafu, sarakunan tuta kuwa suka shiga gina masallatai da fadoji. Laƙabinsa na Babban Gwani ya shahara har ya danne sunansa na yanka. Aikinsa mafi girma shi ne masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846).

Kayan aikinsa ba su wuce na kowane magini ba, watau tubali da ƙasa da azarar giginya. To amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufi in tazara ta yi yawa. Dabarar magina ita ce bakan gizo: a jera guntayen azara daga jikin bango ko ginshiƙi, kowane jeri ya ɗara na ƙarƙashinsa kaɗan, ana ɗaurewa ana shafe su da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ba shi ya ƙago wannan ba, sai dai ya kai ta inda ba a san wani ya kai ta ba. A masallacin Zariya bakunan suna tasowa daga ginshiƙai masu kauri, su sarƙe da juna su ɗauki tulluwa, an kuma yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya. Ya haɗa masallacin da ɗakin shari'a da zaurukan alwala, domin a wancan zamani salla da hukunci ba su rabu ba.

Ana kuma danganta masa soron da ake kira Babban Gwani a fadar Bauchi.

Game da rasuwarsa, labarin da ke bakin mutane shi ne ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ɗaliban Larabci za su tuna an ba da irin wannan labari a kan Sinimmar, maginin fadar Khawarnaƙ, saboda haka ya fi kama da yabon gwani da a ce tarihi ne.

Cikin shekarun 1970 aka yi sabon masallaci na siminti a Zariya, ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin, wasu sassa kuwa suka salwanta. Mai son ganin siffarsa ta asali sai ya tafi Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya, bisa awon da Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya yi.