John Dalton, Malamin da Ya Auna Zarra

An haifi John Dalton cikin shekara ta 1766 a wani ƙauye wai shi Eaglesfield, can arewacin Ingila. Ubansa masaƙi ne, talaka. Mu da muke koyon aikin malanta ya kamata mu san shi, gama yana ɗan shekara 12 ya fara karantar da yara. Cikin 1793 ya ƙaura zuwa birnin Mancesta, yana koyar da lissafi.

Tun zamanin da, waɗansu masanan Yunanawa sun ce kowane abu da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai aka gina shi, su ne muke kira zarra. Amma zance ne kurum, ba awo. Dalton shi ya kawo awo. Ya ce kowane abu na asali, kamar ƙarfe ko zinariya, zarrarsa da nata nauyi, kuma in za su haɗu sai bisa ƙidaya, ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu, su zama gungu. Ya mai da zarrar iskar haidirojin ma'auni, ya gwada sauran da ita. Ya buga wannan a littafinsa cikin 1808.

Ba ko'ina ya dace ba. Ya zaci gungun ruwa zarra biyu ne, alhali kuwa uku ne, haidirojin biyu, oksijin ɗaya. Ya kuma ce zarra dunƙulalliya ce, ba ta rabuwa. Ga shi a Mancesta ɗin nan dai Rutherford ya gano cikin 1911 tana da cibiya mai nauyi, ƙwayoyin lantarki na kewaye da ita.

Ya rasu cikin 1844. Mutum wajen 40,000 suka zo ban kwana da gawarsa.