BABE RUTH, ƊAN WASAN DA AKA GWADA MAGANI A JIKINSA

An haifi George Herman Ruth a birnin Baltimore na Amurka cikin shekara ta 1895. Yaro ne mai ƙiriniya, har iyayensa suka kai shi makarantar horon yara yana da shekara 7. A can ya koyi besbol, wato wasan buga ƙwallo da kulki. Ya ƙware ƙwarai, ya yi wa ƙungiyar New York Yankees wasa daga 1920 zuwa 1934. Duk ƙasar ta san shi da laƙabin Babe.

Cikin 1946 ciwo mai tsanani ya kama shi a bisa idon hagu. Likitoci suka iske sankara a wuyansa da gindin ƙoƙon kansa. Daga baya aka gane a bayan hanci ta tsiro. Aka yi masa aiki, amma ba a iya cire ta duka ba, gama ta nannaɗe babbar jijiyar jini ta wuya. Aka gasa ta da haske mai ƙarfi irin na ɗaukar hoton ƙashi. Ya rame, muryarsa ta dushe.

Cikin 1947 likitoci suka kawo sabon magani mai suna teropterin, wanda da ƙyar aka taɓa ba ɗan Adam. Suka gaya masa mai yiwuwa ne ya ƙara masa ciwo. Duk da haka ya yarda. Aka yi ta yi masa allura kowace rana har mako 6. Kumburin ya saɓe, ya tashi ya koma yawonsa. Amma sauƙin bai daɗe ba. Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1948, yana da shekara 53.

Yana cikin mutanen farko da aka haɗa wa magani da gashin haske. Likitoci kuwa sun koya cewa sankara takan saba da magani guda, ta sāke tsirowa. Saboda haka yanzu, in ta yi nisa a kai ko wuya, akan gama magunguna biyu ko uku, kamar cisplatin da fluorouracil da docetaxel, kowanne yana kai mata hari ta fuska dabam.

Masu karatu, wanda ya ga kumburi a wuyansa, ko muryarsa ta dushe har mako 3, kada ya yi jinkiri, ya tafi asibiti. Hanyar da ake bi a warkar da shi, waɗansu ne suka share ta da jikinsu.