Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Haifaffen Maratta: Rayuwarsa Cikin Iyalinsa

Idan sarauta ta cika shekara ɗari, al'ada ce a waiwayi magabata, a ambaci waɗanda ƙasa ta haifa suka ɗaukaka sunanta. Cikin waɗannan bayin Allah babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Jama'a sun san shi da wa'azi da jihadi da kafa daular Sakkwato. Kaɗan ne ke tuna yadda ya zauna da matansa, ya tarbiyyantar da ɗiyansa da jikokinsa, alhali daga cikin gida aikinsa ya faro.

An haifi Shehu a Maratta, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yanzu, a watan Disamba na 1754, lokacin da yankin ke ƙarƙashin Gobir. Asalinsa daga Torankawa ne, waɗanda kakansu Musa Jakolo ya taso daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙwanni. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, wato masani da harshen Fulatanci. Mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Yana yaro iyalin suka koma Degel, inda ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa. A gidan da ya tashi, mata ma ma'abota ilimi ne, irin mahaifiyarsa da kakarsa Rukayya. Tun da ƙuruciya ke nan ya saba ganin mace da littafi a hannu.

Neman ilimi ya kai shi har Agadas, wurin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Da malamin ya yi niyyar aikin hajji, sai Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin tafiyar ba. Ya fifita biyayyar iyaye bisa abin da ransa ke so, kuma bisa wannan turba ya ɗora ɗiyansa daga baya.

Ya fara wa'azi wajen 1774 yana da shekara 20, ya zagaya Gobir da Kabi da Zamfara. Mata kan halarci majalisinsa, suna zaune a wurinsu na daban. Wannan ya jawo masa suka. A Zamfara wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi da tara maza da mata, sai Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Hujjarsu ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu neman sani muni. Cikin littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da almajirai a zaure safe da yamma, suna barin matansu da ɗiyansu mata ba su san hukuncin alwala da salla ba.

Abin da ya faɗa wa mutane, shi ya aikata a gidansa. Matarsa Maimuna ta haifa masa tagwaye a Degel cikin 1793. Ya raɗa wa namijin suna Hassan, macen kuma ya sa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar, maimakon sunan da aka saba ba ƴan biyu. Maimuna ta rasu yarinyar tana ƙarama, sai abokan zamanta, A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello, suka riƙe marainiyar. Duk wanda ya san zaman kishiyoyi ya san ba a kowane gida ake samun haka ba, sai inda maigida ya tsaya bisa adalci. Ɗiyansa maza da mata duk sun yi karatu, tun daga allo har manyan littattafai.

Shehu bai tara dukiya ba. Yakan tufka igiya domin ya ci daga guminsa. A taron babbar salla na Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi masa kyautar zinariya mai yawa. Shehu bai karɓa ba. Ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki ɗaurarru, a sassauta wa talakawa haraji. Iyalinsa sun tashi suna ganin wannan gudun duniya da idonsu.

Cikin watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta ɓaci tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu tare da mata da yara da tsofaffi. Wani malami Ba'abzine mai suna Agali yana cikin waɗanda suka taimaka wajen wannan ƙaura. Asma'u na da shekara 11 a lokacin. Cikin shekarar nan ta tsanani ɗiyarsa Hadiza ta haifa masa jika, Abdulƙadir ɗan Tafa. Iyalin sun sha yunwa da fargaba, kuma jama'arsa ta yi hasarar mahaddata masu yawa a yaƙin Tsuntsuwa. Yaƙin ya taɓa kowane ɓangare. Gidajen sarautar Gobir da Katsina, waɗanda suka sake kafuwa a Tsibiri da Maraɗi, suna riƙe da nasu labarin na wahalar wancan zamani, kuma wajibi ne a saurare shi da girmamawa.

Bayan faɗuwar Alkalawa cikin 1808, Shehu ya zauna Sifawa, ya koma ga karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba ɗawainiyar mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello. Ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu ran 20 ga Afrilu 1817 yana da shekara 62. Autansa Isa, bayan rasuwarsa aka haife shi.

Albarkar tarbiyyarsa ta bayyana cikin zuriyarsa. Bello ya riƙe sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya bar littattafai da dama, sannan ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi har 1842. Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis ke kai karatu ga matan karkara. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, Isa kuma ya mayar da waƙoƙin gidansu zuwa Hausa. Cikin jikoki, Aliyu Babba ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ɗan Tafa kuwa ya rubuta Raudatul Afkar kan tarihin ƙasar Hausa.

Yau akwai ƙauyuka a yankin da aka haifi Shehu inda ake cire yarinya daga makaranta tun ba ta iya karanta wasiƙa ba. Sarakuna da hakimai da masu gari, da malamai da attajirai, su ne iyayen ƙasa, kuma abin da talaka ya gani a gidajensu shi zai kwaikwaya. Wanda ke alfahari da cewa ƙasarsa ce ta haifi Shehu, ya dubi ɗiyarsa ya ga ko ya ba ta abin da Shehu ya ba Asma'u.

Allah ya jiƙan Shehu da sauran magabata, ya albarkaci zuriya, ya ja zamanin sarki, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.