Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da Batun Gyaran En'e

Jama'armu mazauna Ikko da ke ratsa Dandalin Tafawa Ɓalewa kullum, da yawa sun san mai sunan a matsayin Firayim Minista kawai. Kaɗan ne suka san ranar da ya taɓa abin da kowa ke tsoron taɓawa.

An haifi Malam Abubakar a 1912 a ƙasar Bauci. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya komo gida ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci har ya zama hedimasta. A 1945 aka tura shi ƙaro ilmi a Landan. Da komowarsa ba da daɗewa ba ya shiga Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna.

To, a zamanin nan sarki shi kaɗai ne En'e. Haraji da gidan yari da 'yan doka duk suna hannunsa, Razdan kuwa na bayansa. Wakilan majalisa kuma yawancinsu ma'aikatan En'e ne, wanda ya ɗaga murya yana iya rasa abincinsa. Shi ma Malam Abubakar ma'aikacin En'en Bauci ne.

Duk da haka, cikin watan Agusta na 1950 ya miƙe ya gabatar da batu cewa a kafa hukumar da za ta binciki mulkin En'e. Ya yi maganar cin hanci, da yadda ake yanke wa talaka hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Bai bi hanyar zanga-zanga ba. Batu ya kawo bisa ƙa'ida, aka yi muhawara, aka jefa ƙuri'a, batun ya wuce da ƙyar. A ganina, wannan ya fi jawabansa na baya wuya, don waɗanda zancen ya shafa su ne iyayen gidansa.

Sarakuna da dama ransu ya ɓaci. Amma Gwamnati ta sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka yi bincike, kuma Dokar En'e ta 1954 ta tabbatar da cewa sarki zai yi mulki ne tare da majalisarsa.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Firayim Minista a 1957. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. An tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kai ta Bauci aka binne.