Antonie van Leeuwenhoek: Ɗan kasuwar yadin da ya fara ganin ƙwayoyin cuta a dauɗar haƙori

An haifi Antonie van Leeuwenhoek a garin Delft na ƙasar Holan ranar 24 ga Oktoba, 1632. Bai taɓa shiga jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen da malaman Turai ke rubutu da shi a lokacin. Yana da shekara 16 aka kai shi Amsterdam koyon kasuwancin yadi, inda 'yan kasuwa ke duba ingancin saƙa da gilashin ƙara girma. Bayan ya koma gida ya buɗe shagonsa, sai ya duƙufa kan haɗa irin wannan gilashi da hannunsa, har ya ƙera ɗaruruwa. Daga cikin waɗanda suka rage, akwai mai girmama abu fiye da sau 250.

A 1673 likita Reinier de Graaf ya gabatar da shi ga ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan. Da ya rubuto musu a 1676 cewa ya ga ƙananan halittu masu rai a cikin ruwa, da yawa ba su yarda ba, sai da Robert Hooke ya gani da idonsa. A 1680 suka ɗauke shi mamba.

Wasiƙarsa ta Satumbar 1683 ita ce ta fi shafar likitancin yau. Mutum ne mai goge haƙoransa da gishiri, amma duk da haka ya lura da wata farar dauɗa da ke maƙalewa a tsakaninsu. Ya kankaro ta ya duba, ya tarar da halittu birjik suna motsi. Ya ɗebo ta wasu tsofaffi biyu da ba su taɓa goge baki ba, a ta ɗayansu ya ga abin da ya fi nasa yawa nesa ba kusa ba. Daga nan ya kurkure bakinsa da ruwan khal mai ƙarfi. Halittun cikin dauɗar ba su mutu ba, alhali idan ya cakuɗa dauɗar da khal ɗin kai tsaye nan take suke mutuwa. Ya fahimci cewa tsamin na kashe na saman ne kawai, ba ya ratsawa ciki.

Bai san halittun na jawo cuta ba, kuma an yi kusan shekara 300 kafin masana su ba lamarin muhimmancin da ya dace da shi. Yau an san ƙwayoyin cuta kan taru su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke samarwa, wanda ake kira bayofim. Shi ne ke sa gyambo ya ƙi warkewa, ya sa robar fitsarin majinyaci ta zama matattarar cuta, ko da ana ɗirka masa magani.

Abin mamaki, yawun da ke bakinsa na ɗauke da wani makami da gilashinsa ba zai iya nunawa ba. Shi ne laktoferin, furotin da ke cikin yawu da hawaye da nono, musamman dakashi, wanda aka fara ganowa a madarar shanu a Denmak a 1939. Aikinsa shi ne ƙwace sinadarin ƙarfe da ƙwayoyin cuta ke buƙata. Wani bincike na Jami'ar Iowa ta Amurka da mujallar Nature ta buga a 2002 ya nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na hana ƙwayar Pseudomonas aeruginosa zama wuri guda: sai ta yi ta yawo maimakon ta kafa yauƙin. Sai dai a ɗakin gwaji aka ga haka, kuma hana yauƙi kafuwa daban yake da rushe wanda ya riga ya kafu. Masu tallar laktoferin a matsayin madadin maganin asibiti sun yi gaggawa.

Leeuwenhoek bai koya wa kowa sirrin haɗa gilasansa mafi kyau ba, rowar da ta sa aikin ya yi tsaiko bayansa. Ya rasu ranar 26 ga Agusta, 1723, yana da shekara 90, yana aika wasiƙu har cikin ciwon ajali, inda ya bayyana alamomin cutar da ke damunsa. 'Yarsa Maria ta aika wa Royal Society na'urori 26 da ya yi wasiyya da su, waɗanda suka ɓace a ƙarni na 19.