Likita Mila na Wusasa

Idan muka ji maƙwabcinmu Kirista yana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, sai mu tuna da aikin Walter Miller. An haife shi a Ingila a 1872. A Tarabulus ya koyi Hausa, sannan ya iso nan Kano a 1900 tare da abokan tafiyarsa, amma Sarki Alu ya sallame su. Bai yi zuciya ba. Daga 1905 ya zauna Zariya yana magani, yana koyarwa, yana fassara tare da Hausawa. Sai a 1932 aka buga littafin cikakke, har manomi ya iya karantawa a gida, ba sai ya jira Lahadi ba. Ya rasu a 1952.