Dudley Morton, kwamandan jirgin Wahoo da ya nutse a mashigin Soya

A ranar 31 ga watan Oktoba na shekarar 2006 ne rundunar sojan ruwan Amurka ta tabbatar da cewa tarkacen da wasu masu nutso 'yan ƙasar Rasha suka gano a mashigin ruwan Soya, tsakanin tsibirin Hokkaido na Japan da tsibirin Sakhalin na Rasha, na jirgin Wahoo ne. Shi dai wannan jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku ya ɓata ne tun a 1943, tare da kwamandansa Dudley Morton da dukkan sojojin da ke cikinsa, su kimanin 80.

An haifi Dudley Walker Morton ranar 17 ga watan Yuli na 1907 a garin Owensboro da ke jihar Kentucky. Ya kammala karatu a makarantar horar da hafsoshin sojan ruwan Amurka a 1930, inda a can ne abokansa suka laƙaba masa sunan Mush, wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A farkon yaƙin da Amurka ta gwabza da Japan a tekun Fasifik, an koyar da kwamandojin irin waɗannan jirage su yi taka-tsantsan, su wuni a ƙarƙashin ruwa, su guji kusantar abokan gaba. Da Morton ya karɓi ragamar Wahoo a ranar ƙarshe ta shekarar 1942 a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya, sai ya sauya salo. Yakan bi jiragen Japan a saman ruwa, ya matsa kusa da su kafin ya buɗe wuta. Haka kuma yakan bar wa mataimakinsa, Richard O'Kane, madubin leƙen jirgin, shi kuma ya mayar da hankali ga tsara harin.

A watan Janairun 1943 ya kutsa mashigar Wewak da ke tsibirin New Guinea, inda ya harbi wani jirgin yaƙin Japan da ya tunkaro shi gaba da gaba. Da ya koma sansanin Pearl Harbor a watan Fabrairu, an ga tsintsiya ɗaure a saman jirginsa, alamar cewa ya share teku. Nan da nan jaridun Amurka suka mayar da shi gwarzo. A watan Maris kaɗai Wahoo ya nutsar da jirage 9 a tekun da ke tsakanin China da Koriya.

To sai dai a cikin wannan tafiya ta Janairu ne aka yi abin da har yau ake ja-in-ja a kansa. Ranar 26 ga wata, bayan ya nutsar da jirgin jigilar sojoji mai suna Buyo Maru, Morton ya ba da umarni a buɗe wuta a kan kwale-kwalen waɗanda suka tsira. Daga baya aka gano cewa da yawa daga cikinsu fursunonin yaƙi ne 'yan Indiya, wato sojojin ɓangaren Birtaniya, ƙawar Amurka. Indiyawa 195 da Japanawa 87 ne suka mutu a jirgin da kuma cikin ruwa. Morton ya rubuta lamarin a rahotonsa, kuma ba a taɓa tuhumarsa ba. Masu kare shi na cewa an harbo su daga kwale-kwalen, yayin da masu suka ke ganin ya keta dokokin yaƙi.

A watan Agusta ya shiga tekun Japan, amma makamansa na tofido, waɗanda ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, suka riƙa kuskure ko su ƙi fashewa. Ya dawo a fusace, ya nemi a sake tura shi wurin da sabbin makamai masu aiki da lantarki. A watan Satumba ya koma. Ranar 5 ga Oktoba ya nutsar da Konron Maru, jirgin fasinja mai zirga-zirga tsakanin Japan da Koriya, inda mutane 544 suka halaka.

Ranar 11 ga Oktoban 1943, yayin da Wahoo ke ƙoƙarin ficewa ta mashigin Soya, jiragen sama da na ruwa na Japan suka yi masa ruwan bama-bamai na tsawon sa'o'i. Babu wanda ya tsira. Morton yana da shekaru 36 a duniya. Bayan wannan rashi, Amurka ba ta sake tura irin waɗannan jirage tekun Japan ba sai a watan Yunin 1945.

Ƙididdigar da aka yi bayan yaƙin ta nuna cewa ya nutsar da jirage 19 cikin watanni kusan 10. An ba shi lambar girmamawa ta Navy Cross har sau 4, aka kuma raɗa wa wani jirgin yaƙi sunansa. Wahoo na ɗaya daga cikin jiragen ƙarƙashin teku 52 da Amurka ta yi asara a yaƙin duniya na biyu, tare da sojoji kimanin 3,500.

Iyalan mutanen Wahoo sun shafe shekaru fiye da 60 ba su san inda 'yan uwansu ke kwance ba. Tarkacen jirgin na nan a zurfin mita 65, da alamar bam kusa da ɗakin kwamanda. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ɗauki wurin a matsayin kabari, don haka ba za a ciro shi ba.

A gaɓar Soya, ƙuryar arewacin Hokkaido, akwai wani dutsen tunawa da Amurkawa da Japanawa suka haɗu suka kafa a 1995. An sadaukar da shi ne ga sojojin Wahoo da kuma mutanen da suka mutu a jiragen da Wahoo ya nutsar.